Hannun da Ya Rubuta Sunan Barboza

Paso Lucero, 6 ga Yuni, 1994

Zuwa ga 'yata Zulma Techera, a Barcelona.

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan wannan takarda za ta same ki cikin ƙoshin lafiya, ke da maigidanki. Mu nan lafiya gwargwadon shekaru. Sanyi ya shigo da wuri bana, gwiwata ta hagu takan sanar da ni saukar ruwa tun kafin rediyo ya faɗa. Ƙanwata Herminia ciwon sukarinta ya lafa, sai dai har yanzu ita ke ba likita umarni.

Rabon da ki ga rubutuna tun rasuwar mahaifiyarki, 'yar baffana, don haka bari in shimfiɗa miki al'amarin tun daga tushe.

Ranar 16 ga Oktoba ƙungiyarmu ta ƙwallon ƙafa, Lucero, za ta cika shekara saba'in da biyar. Kwamiti, wanda har yanzu ni ne magatakardarsa, ya sa an ƙera akwatin gilashi a zauren ƙungiya don ajiye kayan tarihi. Herminia ta ba da rigar marigayi mijinta, Eleuterio Barboza, wanda kowa ke kira Tero, mai tsaron gidanmu na shekara goma sha huɗu. Ita ce rawayar rigar da ya sa ranar da muka ci kofin lardi a 1961. A ƙirjinta an rubuta da baƙin alƙalami: "Herminia", a ƙasa kuma "Eleuterio Barboza".

Da aka buɗe rigar a zaman kwamiti, sai Don Walter Píriz, mai kantin magani, wanda ya fi kowa tara kayan Tero a garin nan, ya sa tabarau ya sunkuya, ya ɗago yana dariya.

"Wa ya yi wannan zanen kaji?" in ji shi. "Ina da katin hoton Tero talatin da biyu a gida, kowanne da sa hannunsa. Hannun Tero gudu yake kamar ruwa. Wannan kuwa kamar an ɗaura wa tsohuwa alƙalami a gwiwar hannu."

Aka yi dariya. Kafin la'asar maganar ta kai kasuwa, cewa Herminia ce ta zauna ta rubuta sunanta a rigar mijinta don a rataye ta a zaure. Ranar Lahadi wata mata ta tambaye ta a ƙofar coci ko za ta sa mata hannu a rigar jikanta, tunda ta ƙware. Herminia ta juya ta tafi gida. Tun ranar ba ta sake taka coci ba, mace mai shekara saba'in da ɗaya da ba ta taɓa fashin Lahadi ba.

Kwamiti ya yanke cewa rigar ba za ta shiga akwati ba sai da takardar masani. An gaya mini wannan ne aikinki, tantance sa hannun 'yan wasa ga masu gwanjo da kotuna. Na haɗo miki manyan hotunan rubutun guda huɗu, da katuna biyar daga cikin na Don Walter, waɗanda ya ba da aro da kansa.

Ina tabbatar miki rubutun rigar na Tero ne. Ki duba shi da idon 'yar gida.

Kawunki,
Aparicio Silveira

*

Barcelona, 27 ga Yuni, 1994

Kawu Aparicio,

Ina gaishe ka da girmamawa. Na ji daɗin ganin rubutunka, ga shi nan a miƙe kamar an ja shi da zare, yadda Mama take yabo. Mu lafiya lau, sai zafi. A gaishe da gwiwa, a gaishe da Inna Herminia, a ce mata na ji abin da aka yi mata a ƙofar coci, kuma ya ci mini rai.

Kawu, na karanta layinka na ƙarshe sau uku. In nufinka da "idon 'yar gida" shi ne in rubuta abin da ban gani ba, to ka yi haƙuri, ba zan iya ba. Ranar da na sa hannu a takardar ƙarya, duk takardun da na taɓa bayarwa sun mutu.

Ga abin da na gani.

Katunan nan biyar hannu ɗaya ne ya rubuta su. Hannu ne mai sauri, wanda ya saba da alƙalami. Yana rubuta "E. Barboza" ba tare da ya ɗaga ba sai sau ɗaya, yana fara B daga sama da ɗan ƙugiya, wutsiyar z kuma ta dawo baya ta ja layi a ƙarƙashin sunan duka.

Rubutun rigar wani hannu ne daban. A hankali aka yi shi, harafi bayan harafi. Na ƙirga wuri goma sha ɗaya da aka ɗaga alƙalami. Akwai rawa a layukan, an danna da ƙarfi, tawada ta taru a inda aka tsaya tunani. A aikinmu waɗannan su ne alamun farko da ake koya wa ɗalibi na sa hannun jabu. Da baƙo ne ya kawo mini, da tuni na mayar masa.

Abu ɗaya ne ya hana ni rufe maganar. Mai jabu kwaikwayo yake yi. Yakan ajiye na gaskiya a gabansa ya bi shi sawu da ƙafa. Wanda ya rubuta a rigar nan bai ko gwada ba. Babu ƙugiya, babu wutsiya, kuma ya rubuta sunan a cike, alhali duk garin sun san "E." kawai ake sawa. Ban gane wannan ba.

A yanzu dai ba zan iya ba da takardar da kwamiti ke nema ba. Akwai wani abu da Kawu Tero ya rubuta a gaban shaidu? Takardar banki, littafin aure, ko da wasiƙa? Ka aiko mini.

'Yarka,
Zulma

*

Barcelona, 14 ga Agusta, 1994

Kawu,

Gaisuwa da fatan alheri. Mako bakwai ke nan ban ji daga gare ka ba. Na buga waya gidan ƙungiya sau biyu, mai sayar da shayi a wurin ya ce kana nan lafiya, kana zuwa kullum. Ke nan fushi kake da ni. Ina jin ka ɗauka na bi bayan Don Walter, ko na kira Inna Herminia maƙaryaciya. Ban faɗi haka ba, kuma ban yarda da haka ba.

Amma ba don ba da haƙuri kaɗai na rubuto ba.

Ranar Alhamis ina shirin mayar da katunan Don Walter, sai na ɗauko ambulan ɗin da ka aiko su a ciki don in kwafi adireshi. Ambulan na hannun hagu, kati na hannun dama. Kawu, B ɗin da ka fara "Barcelona" da shi yana da ƙugiya a sama. Na zauna. Na ɗauko wasiƙarka na sa madubin ƙara girman rubutu. Ko'ina ka rubuta "Barboza", wutsiyar z tana fara komawa baya, sai ka tsayar da ita, kamar mai riƙe linzamin doki. Sau biyu ka rubuta sunan a wasiƙar, sau biyu ka tsayar da ita. A "Píriz" kuwa ka manta, ka sake ta.

Shekara goma sha biyu ina wannan aiki. Hannun da ya sa hannu a katunan Don Walter shi ne hannun da ya rubuto mini wasiƙa ranar 6 ga Yuni.

Ban gaya wa kowa ba, ko maigidana. Ba na zarginka da cutar kowa, don na san gidan da na fito. Sai dai ka aiko mini aiki ka ɓoye rabinsa, ka bar ni ina auna gaskiya da ma'aunin da kai ka san ba daidai yake ba. Ka gaya mini abin da ya faru. Oktoba ta kusa, Inna Herminia kuma tana zaune a gida.

'Yarka,
Zulma

*

Paso Lucero, 30 ga Agusta, 1994

'Yata Zulma,

Bayan gaisuwa, na samu takardunki biyu. Lafiyata ƙalau. Herminia ta rame kaɗan. Ba fushi ne ya hana ni amsa ba, kunya ce. Kuma kin fahimci layina ba yadda na nufa ba: ban roƙe ki ƙarya ba. Na yi fatan idonki zai ga gaskiyar rigar ba tare da an taɓa katunan ba. Wauta ce ta tsoho, na amsa.

Abin da kika gani haka yake. Ni na sa hannu a katunan, dukkansu.

Tero ya zo garin nan a 1950 daga wata gonar kiwon shanu a arewa, yana da shekara goma sha tara. Bai taɓa shiga aji ba. Ranar da aka kawo masa takardar shiga ƙungiya, ya riƙe alƙalami kamar wuƙar fiɗa, gumi na zuba masa. Daga ni sai shugaban ƙungiya na lokacin a ofis. Ya dangwala yatsa, muka sa takardar a aljihun tebur. Da muka fito ya kama hannuna ya ce, "Aparicio, ka rantse ba wanda zai ji. In 'yan kallo suka sani, duk ƙwallon da na kama sai sun ce jaki ne ya kama." Na rantse.

Da sunansa ya fito, kamfanin alewa ya buga katuna da hotonsa, mutane suka fara tare shi a bakin fili. Sai muka kafa doka: mai tsaron gida ba ya sa hannu bayan wasa, don yatsunsa a kumbure suke. A bar kati a ofishin magatakarda, a zo gobe a karɓa. Kowa ya ga hikimar dokar, har wasu ƙungiyoyi suka kwaikwaye ta. Ran Litinin da safe nakan rufe ƙofa, Tero ya zauna a kan akwatin ƙwallaye yana shan mate, shayin ganyenmu na ƙoƙo, ni ina rubutu. Yakan leƙo ya ce, "Ƙara wa wutsiyar nan tsawo, mutumina, kada a ce Barboza marowaci ne." Shi ya zaɓi wutsiyar.

Bayan ya yi ritaya daga aikin jirgin ƙasa, a 1986, ya ce wa Herminia ya gaji da kallon sunansa kamar fuskar baƙo. Ta sayo littattafan 'yan firamare, suka riƙa zama a teburin kicin bayan abincin rana, taga a rufe. Yatsunsa uku na dama sun karye a fili sun ɗore a karkace, shi ya sa yake danna alƙalami haka. Shekara biyu ya yi. Ranar cikar aurensu shekara talatin da biyar ya ɗauko rigar daga akwati ya rubuta abin da kika gani. Ya rasu bayan wata bakwai. Iyakar sanina, ban da littattafan koyo, wannan ne kaɗai wurin da Eleuterio Barboza ya rubuta sunansa da hannunsa a duniya. Shi ne kuma aka kira zanen kaji.

Kin ga inda nake tsaye. In na yi shiru, ƙanwata ta mutu da sunan mai jabu. In na yi magana, na karya rantsuwar shekara arba'in da huɗu, na tona abin da mutumin ya fi jin kunyarsa. Herminia ta san komai, kuma ta gwammace a zage ta da ta buɗe baki. Na ce mata in faɗa, ta ce, "Ka taɓa mini miji ka gani."

Littattafan suna nan, guda shida, a ƙarƙashin gadonta.

Kawunki,
Aparicio

*

Barcelona, 12 ga Satumba, 1994

Kawu,

Ina gaishe ka. Na karanta wasiƙarka a tsaye a bakin akwatin gidan waya.

Rantsuwarka ba ni da ikon kwance ta, kuma ba zan faɗi komai ga kowa ba sai da izininku. Amma ina roƙonka ka karanta wa Inna Herminia wannan sashe, kalma da kalma.

Inna, na yi kuskure, kuma kuskuren masana ne. Mun saba ɗaukar rubutu mai sauri a matsayin na gaskiya, mai rawa kuma na jabu, domin ba mu cika haɗuwa da mutumin da ya koyi rubuta sunansa yana da shekara hamsin da biyar da karyayyun yatsu ba. Na sake duba hotunan. A "Herminia" bai ɗaga alƙalami ba sai sau biyu, a nasa sunan sau tara. Sunanki ya fi gwadawa fiye da nasa. In kin yarda ki aiko mini shafi uku ko huɗu daga littattafan, zan iya rubuta takardar da ba wanda zai ture ta. In ba ki yarda ba, ba zan ga laifinki ba. Sai dai ni a wurina babu abin kunya a littattafan nan. Na riƙe rigunan manyan 'yan wasa da yawa a hannuna, ban taɓa ganin sa hannun da aka sha wahalarsa kamar wannan ba.

Kawu, wasiƙa takan yi kwana bakwai a hanya. In za a yi, a yi da zarar wannan ta iso.

'Yarku,
Zulma

*

Paso Lucero, 9 ga Oktoba, 1994

Zuwa ga 'yata Zulma, da roƙon ta karanta wa sauran danginmu da ke can.

Bayan gaisuwa mai yawa, muna lafiya. Sanyi ya wuce, gwiwa ta yi shiru. Takardar shaidarki ta iso ranar Talata, bayan kin duba shafukan da muka aika, kuma na ga dacewar in ba ki labarin yadda aka yi tun daga ranar da na karanta wa Herminia saƙonki.

Ana ruwa ranar, tana soya tortas fritas, fankenmu na ranar ruwa, kamar yadda ake yi. Na karanta, ba ta juyo ba. Da na kai inda kika ce sunanta ya fi gwadawa, sai ta sauke kaskon. Ta shiga ɗaki ta fito da littafi na huɗu, ta buɗe. Shafi bakwai a jere, ba komai sai "Herminia".

"Yarinyar nan mayya ce?" in ji ta. "Daga hoto ta ga wannan?"

Na ce aikinta ne. Na ce amma rantsuwata tana nan.

Ta dube ni ta ce, "Kai dai Aparicio, da karatunka da komai, wani lokaci kanka kamar kabewa. Wanda ka rantse wa bai iya rubutu ba. Wanda na binne ya iya. Yage shafi huɗu ka aika, kuma ka yage a hankali."

Ranar Alhamis kwamiti ya zauna. Na karanta takardarki. Don Walter ya ce, cikin ladabi dai, masaniyar 'yar dangi ce, kuma takarda daga Turai ba za ta goge abin da idonsa ya sani tun yana saurayi ba. Ban yi musu da shi ba. Na roƙi a ba ni farar takarda, na cire alƙalamina, na rubuta "E. Barboza" a gabansu, na sake wa wutsiyar linzami har ƙarshen layi. Rabona da yin haka shekara talatin. Hannun bai manta ba.

Don Walter ya ciro kati daga aljihun ƙirjinsa, ashe kullum yana yawo da ɗaya, ya ajiye kusa da takardar. Ya daɗe yana kallo.

"Talatin da biyu," in ji shi. "Shekara arba'in ina goge wa Aparicio Silveira ƙura. Kai, tsohon banza, ko ƙwallo ɗaya ka taɓa kamawa?"

Na ce ko ɗaya. Na ce in akwai wanda ya cuce shi, ni ne, kuma ina neman gafararsa a gaban jama'a. Ya kau da kai, kuma ban ga laifinsa ba. Amma da aka tashi ya ɗauki hularsa ya nufi gidan Herminia da ƙafa. Ta bar shi tsaye a ƙofa kusan minti goma yana magana. Daga baya ta ba shi kujera, ta miƙa masa ƙoƙon mate. Abin da suka ce ban ji ba. Yau Lahadi ta je coci, ta zauna a layin gaba.

Rigar za ta shiga akwati ranar 16. Herminia ta sa sharaɗi: littafi na ɗaya zai kwanta kusa da ita a buɗe, a shafin farko, inda E ɗinsa ke kallon baya. Don Walter ya aiko da kati ɗaya a sa a gefe, da 'yar takarda da ya rubuta da kansa: "Hannun magatakarda, da izinin mai suna." Na ajiye muƙamina daga ranar 17, domin bai dace wanda ya yi abin da na yi ya ci gaba da riƙe littafin ƙungiya ba. Shi ma ban yi shi da baƙin ciki ba.

A ƙarshe, ina gabatar da roƙo ga dangi baki ɗaya, na nan da na nesa, kuma zan maimaita shi a zaure ranar biki. Duk wanda ke da katin Tero kada ya yage shi, domin Tero yana zaune a gefena lokacin da aka rubuta kowanne. Kada wani daga cikinmu ya yi wa Don Walter Píriz gori, a kanti ko a hanya, gama shi aka ruɗa. Wanda ke da tuhuma ya kawo ta gare ni, kada ya kai ta ƙofar Herminia. Wanda kuma ya tsaya gaban akwatin da yaransa, ya bar su su karanta sunan da kansu, a hankali, yadda aka rubuta shi. Ina fatan samun haɗin kan kowa a kan wannan.

Herminia ta ce in gaya miki littafi na huɗu naki ne bayan ranta, ba kafin nan ba.

Kawunki,
Aparicio Silveira